WAV ko MP3: wanne ya dace da naɗar tafsiri?

Malam, ka ce kana naɗar tafsirin masallacinku na Agege, kana so ka adana, ka kuma tura wa 'yan'uwa a Arewa, amma ka rasa na zaɓa tsakanin nau'o'in fayil ɗin sauti biyu, WAV da MP3. Ni dai shawarata, ka naɗa da WAV, ka raba da MP3.

WAV sautin ne ɗungurungum, ba a rage masa komai ba. Nauyi ne matsalarsa. A ingancin faifan CD, minti ɗaya na cin kusan megabait 10, ka ga zaman awa guda ya haura 600. Wa zai ƙona datarsa a kan wannan? Shi kuwa MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi fice wajen ƙirƙirarsa, zubar da abin da kunne bai cika kamawa ba yake yi. In ka sa ma'aunin ingancinsa (kbps, wato yawan datar da yake ci a kowace daƙiƙa) a kan 128, minti ɗaya bai cika megabait 1 ba. Tunda magana ce ba kiɗa ba, sa shi a 64, awa guda ta dawo wajen megabait 29, kuma muryar malam tar.

Sai dai fa abin da aka zubar ya tafi ke nan. Na taɓa ganin wani yaro a shagon tura waƙoƙi yana mayar da MP3 zuwa WAV, wai don sauti ya ƙara kyau. Fayil ya kumbura ya cika memori, murya kuwa tana nan yadda take. Haka kuma duk sanda ka gyara MP3 ka sake matse shi, sai ya ƙara dusashewa, kamar a ɗauki hoton takarda daga hoton takarda. Saboda haka yanke tari, da hon ɗin 'yan danfo (motocin haya na Legas), da rage gurnanin janareto, duk a kan WAV za ka yi su, sannan ka fitar da MP3 sau ɗaya tak.

In wurin ajiya ya yi maka kaɗan, akwai FLAC, wanda ya fito a 2001. Yana rage kusan rabin nauyin WAV ba tare da asarar komai ba.

Opus, wanda WhatsApp ke naɗar saƙon murya da shi, ya fi MP3 daɗin ji a ƙaramin nauyi, haka ma AAC na masu iPhone. Duk da haka ba zan raba tafsiri da su ba. 'Yar rediyon nan mai cin memori da dattawa ke ajiyewa a gefen tabarma, da rediyon tsofaffin motoci, yawancinsu MP3 suka sani.