Sharhi kan littafin John Boswell na 1980

Littafin Christianity, Social Tolerance, and Homosexuality na John Boswell, wanda ya kasance malamin tarihi a Jami'ar Yale, ya cancanci kuɗinsa ga mai nazarin tarihin Turai. Hujjarsa ita ce ƙyamar luwaɗi ba ta tsananta a can ba sai ƙarshen ƙarni na 12, musamman bayan Majalisar Lateran ta 1179, wato taron shugabannin Cocin Katolika a Roma, ta tanadi hukunci a kai. Bayanan ƙasan shafi, cike da Latin da Girkanci, sun nuna zurfin karatunsa ƙwarai. Sai dai yadda ya fassara wasiƙar Bulus ga Romawa da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista bai gamsar da ni ba, domin ya ja ayoyin zuwa inda yake so, kuma Richard Hays, masanin Sabon Alkawari, ya ƙalubalance shi a kan haka.