Subaru Impreza WRX ta hannu: me za ta iya a hanyoyin Garwa da Marwa

Mai neman motar gudu ta Japan mai turbo (fankar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi) da kuɗi kaɗan, a nan arewacin Kamaru, zai fi samun biyan buƙata a Subaru Impreza WRX ƙirar 2003 zuwa 2005. Injinta EJ205 ne, lita 2, ƙarfin doki 225 a samfurin Turai, kuma tayoyi huɗu ke ja. A nemi wadda ta fito daga Turai ta tashar Duwala, mai sitiyari a hagu. Wadda aka ƙera don kasuwar Japan sitiyarinta a dama yake, wuce tirela da ita a hawan dutsen hanyar Ngaundere kasada ce.

A kwalta mai kyau motar tana riƙe hanya, ba ta wasa a kwana. Amma gindinta a ƙasa yake, ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri za su cinye mata shokoba da tukunyar baƙin mai.

Babbar matsalarta fetur. Injin nan mai kyau yake so, oktan 95 zuwa sama a ma'aunin ingancin fetur. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, wanda ba a san me aka gauraya masa ba, yana sa fetur ya kama wuta kafin lokaci, sai a ji injin na ƙarar ƙarfe in an taka. Haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, bakin fistin inda zobe ke zama sai ya tsage. Shi ya sa ban ba da shawarar ƙirar 2006 da 2007 mai lita 2.5 ba, don ita wannan ciwon ya fi kamawa. Wanda ba zai iya shan mai a gidan mai kullum ba, ya haƙura da motar nan.

Kafin a biya, a je wurinta da sassafe injin na sanyi. Shuɗin hayaƙi a salansa alama ce turbo ko zobba na shan baƙin mai. Makanike ya cire bututun iska ya taɓa fankar turbo da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, in tana gaba da baya ta gama. Ya auna matsin silinda huɗun, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba ruwan lagireto, kumfa ko maiƙo na nuna gasket ya ƙone. A saurari ƙasan injin kuma, bugun ƙwal-ƙwal metal ne, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa ya cinye, gyaransa sai an sauke injin.

Bel na tayimin a canza shi ranar da aka saya, tare da famfon ruwa da fulolinsa, ko me dillali ya ce. In ya tsinke fistin zai daki bawul. Tayoyi huɗun su zama iri ɗaya, cinsu ɗaya, in ba haka ba abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya zai yi zafi ya lalace.

Juyen mai kowane kilomita 5,000, lita 4 da ɗoriya, matatar iska a riƙa dubawa a lokacin ƙurar hunturu. Kayan gyara ba kamar na Toyota ba ne da ake samu a kowane shago, yawanci sai an yi oda daga Duwala ko Kano. Don haka a ware kuɗin duwan, wato kwastan, da na gyaran farko tun kafin a fara ciniki, kuma a tabbatar lambar shasi ta yi daidai da ta takardu.