Filtar ruwa mai kyandir biyu: ku duba robar kafin ku biya

Filtar nan ta bakin ƙarfe mai hawa biyu nake magana, wadda ake zuba ruwa a tukunyar sama ya bi ta cikin kyandir, wato sandar yumɓu mai tace ruwa, ya ɗiga ƙasa.  Kuɗin fiya wata ne ya kora ni wajenta. Gida mai yara, kafin ka juya jaka ta ƙare, ga leda ta cika kwata. Tafasawa kuma kullum, gas ba zai bar mutum ba. Ruwan 'yan garuwa kuwa ban taɓa yarda in ba yara shi haka nan ba, wata jarkar idan ka leƙa cikinta har gansakuka za ka gani. Tun kwalarar 2021, wadda aka ƙiyasta ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, Kano da Bauchi da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, hankalina bai ƙara kwanciya da ruwan da ban san asalinsa ba.

Da farko wallahi na ji daɗinta. Ruwa garau, babu warin jarka, ba ta neman wutar lantarki. Tana da nawa, don kyandir ɗin yumɓu ne da aka gasa, ƙofofinsa ido ba ya gani, ruwa sai dai ya tsattsafo a hankali. Wannan bai dame ni ba, in cika da daddare, da asuba in tarar da na sha. Har maƙwabta na riƙa yi wa talla kyauta.

Da damina ta kankama ne asiri ya tonu. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari mai garuwa ya kawo mana ruwa ja-ja, ya ce rijiyar da suke ɗiba ce ta ɗan motsu. Na cika tukunyar sama bayan isha'i, kafin in gama wanke-wanke sai na ji ta ƙasan ta yi nauyi. Abin da ya saba kwana yana ɗiga, yau ya sauka tun ban kwanta ba. Maigida har da murna, wai filta ta saki jiki. Na tara kofin gilashi na ɗaga a fitila, sai ga ruwan da ɗan duhu-duhu, ba irin wanda na sani ba. Na sauke tukunyar sama na ɗora a kan robar wanki na leƙa ƙarƙashinta. Kyandir ɗaya yana ɗiga ta bakinsa yadda ya kamata. Ɗayan kuwa ruwa ne ke tsiyaya ta gefen noti, bai ko bi ta cikin yumɓun ba. 'Yar robar da ke toshe tsakanin kyandir da gindin tukunya ta tsage, siririya ce ainun, notin ma na roba ne kuma haƙoransa sun cinye.

Abin da ya hana ni barci ran nan shi ne, tun yaushe? Da ruwan bai zo da laka ba, da har yau ina ɗura wa yara ruwan garuwa tsura ina cewa tatacce ne. Wannan shi ne babban aibin abin nan: idan ya lalace ba ya faɗa. Ruwa mai haske zai wuce ya sauka mai haske, da ƙwayoyin cutarsa da komai, ke kuwa kina ta alfahari.

Da safe na naɗe kyandir ɗin a zani, na ɗauki tukunyar sama na koma shagon da na sayi filtar. Mai shagon ya jujjuya shi ya ce, "Hajiya, ai ɗaure shi aka yi da ƙarfi." Na ce, "Malam, yaronka ne ya haɗa ta a nan gabanka, ni ban taɓa kwancewa ba." Sai ya koma cewa ai roba ba a sayar da ita ita kaɗai, sai dai in sayi kyandir sukutum. Kyandir lafiya lau, saboda 'yar roba da ba ta kai murfin kwalba ba! Na tsaya na yi ta magana, shi kuwa yana ta sallamar wasu masu saye. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ƙarshe dai na saya, don ba zan koma gida da tukunya mai huda ba, kuma na sa yaron ya haɗa ya zuba ruwa a gabana, na ga ta baki kaɗai yake ɗiga, sannan na biya.

Don Allah duk mai irin wannan filtar, ta riƙa ɗaga tukunyar sama lokaci-lokaci tana duba ƙasanta. Idan kuma ruwa ya fara sauka da saurin da ba ki saba gani ba, kada ki yi murna: ko roba ta saki, ko kyandir ya tsage.

Tun da aka canja, ba zan yi mata sharri ba, tana aiki. Da damina kyandir na saurin toshewa da laka, sai a fitar a goge da sabon soso da ruwa mai tsabta, ban da sabulu. Kowace gogewa tana cin yumɓun kaɗan, shi ya sa yanzu idan ruwa ya zo da duhu nake fara jefa ɗan alif a bokiti, laka ta kwanta, in tsiyaye na sama in zuba a filta. Ƙanwar maigida, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ƙara wayar mini da kai. Ta ce kyandir mai lafiya yana tare yawancin ƙwayoyin bakteriya irin masu kawo kwalara da taifot, da ƙwan tsutsar ciki, amma ƙwayoyin bairus irin masu kawo ciwon hanta ta ruwa sun fi ƙofofin ƙanƙanta, suna iya wucewa. Don haka ruwan yara sai na juye shi a jarka mai murfi in jefa ƙwayar kulorin. Aquatabs nake samu, mai miligiram 67 ita ce ta lita 20 na ruwa mai haske, a jira minti 30 kafin a sha. Kulorin ɗin yana ɗan zama a cikin ruwan ya ci gaba da tsare shi, abin da filta ba ta yi. Mai shago ko ɗaya bai faɗa mini wannan ba, cewa ya yi "tana kashe komai".

Inna, surukata, ita ba ruwanta da duk wannan. Ta ce ruwan ƙarfe ba ya kashe ƙishirwa, kuma ta yi gaskiya, da rana tukunyar filtar ta ƙasa ɗumi take yi. Randarta take so. Matsalar randa kuwa moɗa ce, kowa ya tsoma hannu, yaro ya yar da ita a ƙasa ya mayar. Muka sasanta a kan tulu mai ƙaramin baki da murfi, ana juye mata tataccen ruwa, a tsiyaya a kofi ba a tsoma komai. Ta karɓa, tana dai mita.

Da na so in ce ku saya kawai, sai kuma na tuna kan famfon da ake tarar ruwa a jikin filtar. Shi ma roba ne, ga shi can ƙasa sosai, kofi ba ya shiga sai an jawo filtar bakin tebur, inda yaro zai iya janyo ta. Yanzu ya fara yoyo. Tukunya ta ƙarfe mai kyau, kyandir mai kyau, amma duk inda ruwa zai iya ɓallewa nan suka sa kayan banza. Irin filtar zan sake saye, wannan samfurin dai a'a, kuma ba zan biya ba sai an ba ni robobi na ajiya da famfon ƙarfe. Na koma neman kan famfo, mai shagon ya ce kaya na hanya. Kwano na tara a ƙarƙashi.