Shinkafar inji 'yar gida a kasuwannin Sakkwato: ta ci kuɗinta, amma tana da dokar tukunya

Shinkafar da muke magana a kai ita ce doguwar ƙwayar nan mai launin ruwan zuma, wadda manyan injinan casa ke ɗurawa a buhun kilo 50 da 25 da 10, wadda za ki tarar jibge a shagunan Sabuwar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa. Ba ta daɗe da mamaye kasuwa ba. An ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kamfanin WACOT ya buɗe injinsa a Argungu a 2017, ga kuma injin kamfanin Labana a Birnin Kebbi, sannan rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 ya tsuke hanyar 'yar waje da ke shigowa ta wajen Illela. Ba kamfani ɗaya muke aunawa ba, irin shinkafar gaba ɗaya muke dubawa, domin halinta a tukunya kusan ɗaya ne.

A ganinmu, ga dafa-duka da shinkafa da miya da garau-garau, ta ci kuɗinta. Ga tuwo da masa kuwa asarar kuɗi ce. Kuma galibin ƙorafin da ake yi a kanta, na caɓewa ko na tauri, daga wajen dahuwa yake tasowa.

Dalili shi ne wannan shinkafa ta riga ta sha wuta sau ɗaya kafin ta iso gidanki. Gumi ne ake yi mata, irin wanda matan garuruwan fadama suka gada, sai dai da inji. Ana jiƙa ta da ɓawonta a ruwan zafi na wasu awanni, a turara ta, a busar, sannan a cashe. Tururin yana dafa sitacin da ke cikin ƙwayar, in ta bushe sai ta ƙanƙame ta yi tauri da sheƙi. Shi ya sa ba ta yawan karyewa a inji, ƙwari ba sa saurin huda ta, kuma ba ta danƙo in an dafa. A lokacin jiƙon ne kuma wani ɓangare na sinadaran bitamin B da ke cikin dusa ke ratsawa cikin ƙwayar, abin da farar shinkafa ke rasawa a wajen casa. Taurin nan shi ne ke sa ta fi farar shinkafa shan ruwa da daɗewa a wuta.

In aka jera ta da 'yar Hausa, wadda ake gumi a gida daga noman Wurno da Goronyo da makamantansu, gaskiya 'yar Hausa ta fi ta ƙamshi da gardi, kuma ta fi araha. Inda ta inji ta yi mata fintinkau shi ne tsabta da daidaito. Tsakuwar 'yar Hausa daga shanya take zuwa, a ƙasa ko a gefen kwalta. Warin tsamin nan daga jiƙo ne a ruwan sanyi kwana da kwanaki. Baƙaƙen ƙwayoyin wasu daga gindin ganga suke inda wuta ta ci su, wasu kuma tun a gona suka lalace. Sannan sau da yawa iri biyu ko uku ne aka gwama a mudu ɗaya, wata ta nuna wata tana nan da saura. Babban inji yana da na'urar fid da tsakuwa da na'urar da ke tsince ƙwaya mai baƙi, don haka uwargida ta huta da rairaya a ƙwarya. Ga mai dafa wa gida mai mutum goma sha, ko mai sayar da abinci, wannan kaɗai ya biya bambancin farashin.

Tana da nata aibin. An goge ta sosai, ƙamshinta kaɗan ne, sai miya ta ɗauke ta. Buhun da kika saya da kaka ba lallai ya yi hali ɗaya da wanda za ki saya da bazara ba, ko da suna ɗaya ne a jikinsu. Akwai kuma masu ɗura shinkafar ƙaramin inji a tsohon buhun kamfani su sake ɗinkewa. Saboda haka ki duba bakin buhun, in kika ga ramukan tsohon ɗinki kusa da sabo, ki bar shi. Ki sa a ɗora shi a sikeli. Ki ɗebi tafin hannu ki duba a haske: ƙwaya ta zama launi ɗaya, haske na ratsa ta. Farin ɗigo a tsakiyar ƙwaya alama ce tururi bai ratsa ta ba, irin wannan ce ke farfashewa a tukunya. Ki ciji ƙwaya ɗaya, in ta yi ƙas ta bushe, in ta lotsa akwai damshi, kuma ba za ta yi ajiya ba. Ki sansana, warin ruma ba ya fita da wanki.

Yanzu tukunya. Gwangwanin madara ya isa ma'auni, muddin da shi za ki auna shinkafa da ruwa duka. Gwangwani ɗaya na shinkafa, biyu na ruwa. Sabuwar shinkafa ta fi son ƙasa da haka kaɗan, biyu ba kwata. Wadda ta daɗe a ajiye, musamman ta sha iskar hunturu ta bushe ƙarau, takan kai biyu da kwata. Akwai wani abu da kan ruɗi mutane ranar biki ko suna: ruwa ba ya ninkuwa daidai da shinkafa, domin abin da ke tashi a tururi ba ya ƙaruwa da yawan abincin. Gwangwani 3 na son ruwa 6, amma gwangwani 10 ruwa 18 ya ishe shi.

Ki wanke ta sau biyu da ruwan sanyi, ba tare da murza mai ƙarfi ba, ki tsane a kwando. Ruwan tukunya ya tafasa tukuna, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya ga kowane gwangwani 3, da man gyaɗa babban cokali in kina so. Ki zuba shinkafa, ki juya sau ɗaya, ki jira ta sake tafasowa, sai ki rage wuta sosai ki rufe. A gas, ki mai da shi can ƙasa. A gawayi, ki kwashe rabin garwashin. A itace, ki janye itacen ki bar rushi. Minti 20 zuwa 25 ba buɗewa, ba juyawa. Daga nan ki sauke, ki bar ta a rufe minti 10. Wannan hutun mutane ke rainawa, alhali a cikinsa ne ragowar damshi ke rarrabuwa, ta sama ta ƙarasa nuna, ta ƙasa ta saki gindin tukunya. Bayan nan ne za ki warware ta da cokali mai yatsu.

Abin da muka fi so uwargida ta sake tunani a kai shi ne al'adar tafasawa a wanke a sake mayarwa. Al'adar tana da dalili ga 'yar Hausa mai wari ko mai ƙura. Ga ta inji kuwa ɓarna ce ta fuska biyu. Bitamin ɗin da gumi ya shigar cikin ƙwayar masu narkewa ne a ruwa, da ruwan farkon nan ake zubar da su. Sannan da zarar ta sha ruwan da ba ki auna ba, ma'auni ya ɓace, sai kirdado, kuma nan caɓewa ke shigowa. In dai hankalinki ba zai kwanta ba sai kin yi, kada tafasar ta wuce minti 5, kuma ruwa na biyu ya tsaya daidai kan shinkafar, kada ya rufe ta.

In ruwa ya ƙare tana da sauran tauri, ki yayyafa ruwan zafi kamar rabin gwangwani, ki rufe minti 5. Ruwan sanyi yana kashe tururin, ya bar bayan ƙwaya da laushi cikinta da tauri. In sama ɗanya ƙasa ƙanzo, wuta ce ta yi yawa, ko tukunyar ba ta da kauri, ko murfin na zubar da tururi. Tukunyar dalma mai kaurin gindi ta fi dacewa da ita. Murfin da bai zauna ba, a shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a ƙarƙashinsa a naɗe gefensa sama. Ledar da ake rufawa a kai don tare tururi a daina, zafi na narkar da ita cikin abinci. In kuma ruwa ya yi yawa tun ba ta caɓe ba, ki tsiyaye shi, ki mayar a kan ƙaramar wuta a buɗe na ɗan lokaci.

A dafa-duka ne ta fi nuna kanta, domin tana jure doguwar wuta ba ta dagargaje ba. Ga gwangwani 6, ki samu albasa 2, tumatir 6, tattasai 4, attaruhu gwargwadon bakin gidanki, da man gyaɗa ko man ja rabin gwangwani. Ki soya kayan miyan har ruwansu ya ƙone mai ya taso sama, saboda tsamin ɗanyen tumatir yana hana ƙwaya yin laushi da wuri, sai ki yi ta ƙara ruwa har ta lalace. Romo da ruwa da soyayyen kayan miyan, jimillarsu kada ta wuce gwangwani 11, wato ruwan ya ɗara shinkafar da faɗin yatsa ɗaya kacal. Ɗanyarta za ki zuba bayan wanki. Daddawa da busasshen kifi su shiga tun ruwan na tafasa. Takan ɗauki minti 25 zuwa 30, a juya ta sau ɗaya tak wajen ƙarshe, daga ƙasa zuwa sama.

Shinkafa da wake kuma, wake ke gaba. Sai ya yi minti 20 zuwa 30, ya fara lotsawa tsakanin yatsu, sannan shinkafa ta bi. Kanwa a yi ta kaɗan, tun a wajen waken, domin in ta yi yawa tana rina shinkafar, ta sa ta yi lugub, kuma tana lalata bitamin B1.

Tuwo ba aikinta ba ne. Ko an kwana ana tuƙawa ba za ta haɗe ba, gudaji za ta yi, malmala ta tsage. Ƙullun masa ma ba ya yin laushi da ita. Wannan aikin farar shinkafar tuwo ne.

Wajen ajiya ba ta da wahala: buhu a kan katako, nesa da bango, musamman da damina, ko a juye a bokiti mai murfi. Dafaffiyarta ce ke son kulawa a garin nan, inda zafin bazara ke haura digiri 40. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da tafasa ba ta kashe ƙwanta, in abincin ya zauna da ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafi mai sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Ragowar da ta wuce awa biyu a buɗe cikin irin wannan zafi ba abin amincewa ba ce, kuma kular da ta huce ma haka take. A baza ta a faranti ta sha iska da wuri a sa a firji, in kuwa ba wuta, a auna daidai ciki: gwangwani ɗaya kan ƙosar da babba ɗaya.

Kafin ki ɗauki buhu guda, ki sayi mudu ɗaya daga irin buhun da kike nufi, ki dafa gwangwani 2 da ruwa 4 yadda muka faɗa. In ta fito wara-wara, ma'auninki ke nan har buhun ya ƙare. In ta yi tauri ki ƙara rabin gwangwani na ruwa a dahuwa ta gaba, in ta yi laushi ki rage shi.