Ƙwayar Aquatabs da garin P&G: wanne ya dace da ruwan ambaliya a ƙauyukan Haɗeja?

Idan Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a daminar 2022 ya shafe gonaki da gidaje daga Ringim zuwa Miga, Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, rijiyoyi ne ke fara lalacewa. Ruwa ya shiga masai ya kwaso abin da ke ciki, ya bi ta turken dabbobi, ya zube a rijiyar da bakinta bai da tsawo. Kwana kaɗan sai a fara jin amai da gudawa a unguwa. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Shi ya sa a kayan da ƙungiyoyin agaji na duniya ke kawowa, waɗanda 'yan sa-kai ke rabawa gida-gida tare da bokiti da sabulu, ba a cika rasa ɗaya daga cikin abubuwa biyu ba: ƙwayar Aquatabs, ko garin tace ruwa na kamfanin P&G da wasu suka sani da sunan PUR. Duka biyun kaya ne masu kyau, amma aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma yawancin asarar da ake yi da su daga rashin bambance su take.

Aquatabs ƙwaya ce fara ƙarama da kamfanin Medentech ke yi a ƙasar Ireland. Sinadarin kulorin ne a cikinta, irin wanda ake sa wa ruwan famfo a birni. A jefa ta a jarka, a rufe, a girgiza, a jira minti 30, shi ke nan. Ba ta da nauyi, katan guda ya ishi ƙauye, kuma tana kai shekara biyar ba ta lalace ba muddin ledarta ba ta huje ba. Ga mai son ajiya tun kafin damina, babu kamarta.

Matsalarta ta farko ita ce girmanta iri-iri ne, kuma a ido duk kama suke. Akwai mai miligiram 33, akwai mai 67, akwai mai 167. Mai 67 ɗin, wadda aka fi rabawa gidaje, tana isar lita 20 idan ruwan garau yake, irin na famfon tuƙa-tuƙa. Idan ruwan na da ɗan duhu, lita 10 kawai za ta ɗauka, wato jarka mai lita 20 sai an sa mata biyu. Mai 167 an yi ta don lita 20 zuwa 25 a lokacin annoba. To mu nan jarkar da ta cika gari ita ce ruwan ɗorawar nan ta 'yan garuwa, mai lita 25. Wanda aka ce masa "ƙwaya ɗaya jarka ɗaya" aka ba shi mai 67, ya cika jarkarsa har wuya, ya sa maganin da bai kai ba. Wanda kuma ya jefa mai 167 a ƙaramin bokiti zai ji ruwa na warin bilic, ya zubar, gobe ba zai sake ba, kuma zai gaya wa maƙwabta. Duk ɗan agajin da zai raba ta ya fara karanta adadin litar da aka rubuta a jikin ledar, ya nemi jarkar da gidan ke amfani da ita, ya nuna musu da yatsa inda ruwa zai tsaya. Layin fenti ko na alƙalamin maka a jikin jarka ya fi dogon bayani amfani.

Matsala ta biyu ta fi girma, kuma ita ce ta sa ba ma ba da shawarar a dogara da ƙwayar ita kaɗai a makonnin farko na ambaliya. Kulorin ba ya aiki yadda ya kamata a dagwalon ruwa. Laka da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suna cinye shi kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, wasu ƙwayoyin kuma suna ɓuya a cikin ƙurar lakar. Ruwan da ya kwanta a fadamar shinkafa ko ya ratsa ciyawar kachalla, in ka ɗebo shi a kofin gilas ba ka ganin yatsanka ta ɗaya gefen, Aquatabs ba za ta wanke shi ba. Zai fito da launinsa, da warin magani a kai, mai sha ya ɗauka ya tsira. Idan babu wani abu sai ita, a fara sa alif ko a bar ruwan ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali, a tace da kyalle, sannan a sa ƙwaya ninki biyu. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta, don haka ba ya maye gurbin ƙwayar.

A nan garin P&G ya yi fice. Leda ce ƙarama mai giram 4, an yi ta don lita 10 daidai. Abu biyu ne a ciki: sinadarin ƙarfe mai tattara datti ya dunƙule shi, da kulorin mai kashe cuta. Ana zuba garin a bokitin ruwa, a juya da ƙarfi da muciya mai tsabta na minti 5 ba tsayawa. Ruwan zai yi ja-ja, sai a ga datti na haɗuwa gudaji-gudaji kamar nono ya tsinke, suna yawo suna ƙara girma. A cire muciya a bar shi minti 5, gudajin su sauka ƙasa, sama ta yi fes har ana hango gindin bokiti ta gefe. Sai a ɗaure kyallen auduga mai kauri, marar huji, a bakin bokiti na biyu, a tsiyaye a hankali kada a tayar da na ƙasa. Daga nan a rufe, a jira minti 20 kafin a sha. Rabin awa ke nan cif. Wannan gari yana cire har ƙwayoyin cutar gudawa masu taurin ɓawo waɗanda kulorin shi kaɗai ba ya iya musu, domin suna makalewa a gudajin su tafi tare. Kuma yana da wata fa'ida da ba a rubuta a jikin leda ba: mutum na ganin aikin da idonsa. Tsohuwar da ta ga ruwan kududdufi ya koma garau a gabanta ba ta buƙatar a yi mata wa'azi.

Sai dai yana da wahala, kuma wahalar kan mata take faɗawa. Inda aka fi kuskure shi ne wajen juyawa. Minti 5 na da tsawo ga mai goyo da tukunya a kan murhu, kuma ba kowa ke da agogo ba. In aka juya minti ɗaya aka bari, gudajin ba sa haɗuwa, ruwa ya tsaya ja, a ce magani ya ɓata ruwa. Maganin wannan shi ne a sake juyawa, ba a ƙara wata leda ba. Kuskure na biyu shi ne awo. Bokitin fenti da ke kowane gida lita 20 yake ci, leda biyu yake so, ko kuma a tsaya a rabinsa. Na uku kyalle: mayafi shara-shara ko gidan sauro suna barin gudaji su wuce. Tsohuwar atamfar auduga da aka wanke aka ninka biyu ta fi su. Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne a sha da zarar an tace saboda ruwan ya yi kyau a ido, alhali kulorin bai gama aikinsa ba. Lakar da ta rage a gindin bokiti kuma a zuba ta a masai, kada a watsar a tsakar gida inda kaji da yara ke tsince-tsince, don duk cutar da aka cire tana cikinta.

Ga kuma lissafi. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da su, sun sa wa mutum ɗaya lita biyu da rabi zuwa uku na sha a rana, da lita 15 idan an haɗa da girki da tsafta. Gida mai mutum goma yana buƙatar kusan lita 30 na sha kaɗai, wato leda uku a rana, leda 90 a wata. Idan aka miƙa wa irin wannan gida leda goma sha biyu aka ɗauki hoto aka tafi, an ba su ruwan kwana huɗu. Haka nan aikin na son bokiti biyu da murfi, kuma gidan da ruwa ya tafi da kayansa, suna zaune a ajin firamare, ba lallai su mallaki ko ɗaya ba. Rabon garin P&G ba tare da bokiti biyu da kyalle ba rabin aiki ne, kuma a ganinmu bai kamata mai kula da rabo ya sa hannu a kansa ba.

Duk wanda aka yi amfani da shi a cikin biyun, ruwa mai tsabta na iya sake gurɓata a cikin gida. Randa tana sanyaya ruwa, shi ya sa ba mai son rabuwa da ita, amma bakinta a buɗe yake, moda na faɗuwa ƙasa a ɗauka a mayar, yaro na tsoma hannu har wuyan hannu. Kulorin ɗin da ya rage a ruwa yana ba da kariya na kusan yini guda a mazubi mai murfi, bayan haka ya tafi. Jarka mai ƙaramin baki ta fi aminci. In dole sai randa, a wanke cikinta kullum, a sa faifai ko murfi, a rataye moda mai dogon hannu a ƙusa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta ruwan sha ba ce ko an wanke ta sau nawa, kuma kulorin ba ya cire gubar maganin ciyawa.

Abu biyu kuma a kiyaye game da ƙwayar. Tana kama da farasitamol, don haka a faɗa da baki, a maimaita, cewa ba a haɗiyarta, kuma a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kai. Sannan ba a jefa ta a rijiya. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ruwanta, an yashe ta, ma'aikatan ruwa sun wanke ta da garin kulorin mai ƙarfi bisa awo. Kafin nan, hanyar da ta fi ita ce ɗan agaji ya zauna a bakin rijiya, duk jarkar da aka cika ya sa mata ƙwaya a gabansa.

Game da yadda ake rabon kuwa, ma'aikata da 'yan sa-kai da ke zuwa daga ƙasashen waje ta hannun ƙungiyoyi irin su Red Cross da UNICEF suna da amfani a inda suka ƙware: horarwa, lissafin kaya, da awon ruwa. Akwai ɗan akwatin gwaji da ake sa wa ƙwayar DPD, ruwa ya koma ruwan hoda gwargwadon kulorin ɗin da ya rage. Abin da ake nema shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita bayan rabin awa, kuma lokacin kwalara a fi karkata ga 0.5. Ɗan agajin da ya iya wannan gwaji, ya koma gidaje bayan mako guda ya gwada ruwan randa, shi kaɗai zai iya cewa ana amfani da maganin ko an cusa shi a ƙarƙashin katifa. Wannan ilimi ne da ya kamata baƙi su bar wa 'yan gari tare da akwatin kafin su tafi. Abin da baƙo ba zai iya ba shi ne shiga gida. Mata ne ke da ruwa, gidajenmu kuma ba shiga, don haka taron da aka yi a ƙofar dagaci aka nuna wa maza yadda ake juya bokiti ba ya isa madafa. Sai an sa 'yan agaji mata 'yan unguwar, ungozoma da malaman Islamiyya, sun yi nunin a tsakar gida da bokitin gidan da ruwan gidan.

Zargi ma yana nan, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutanen da suka ga yadda aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003 saboda jita-jitar hana haihuwa ba za su karɓi farar ƙwaya daga hannun baƙo haka kawai ba. A fara da mai unguwa da liman. Mai nuni ta ɗebi kofi ta ce, "Inna, bari in fara sha," ta shanye a gabansu, ta ba ɗanta in yana wurin. Ƙorafin wari gaskiya ne, kada a musa. A gaya musu warin alamar maganin na aiki ne, kuma yana raguwa idan ruwan ya ɗan jima a rufe a inuwa.

Shawararmu ga kwamitin gari ko ƙungiyar matasa da ke shirin damina ita ce a nemi duka biyun tun watan Yuni, lokacin da hasashen damina da ambaliya na hukumomin gwamnati NiMet da NIHSA ya riga ya fito kuma hanya ba ta yanke ba. Garin P&G na makonni biyu zuwa uku na farko, sa'ad da babu ruwa sai dagwalo. Aquatabs ta karɓa da zarar an koma famfon tuƙa-tuƙa ko rijiyar da aka yashe, a ci gaba da ita har ƙarshen kaka. Garin yana kai shekara uku, don haka a duba kwanan watan da ke jikin katan kafin a karɓa, a ajiye shi a kan benci ko rataye, nesa da danshin ƙasa. A haɗa da ledojin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, da ƙwayar zinc: leda ɗaya a lita ɗaya na ruwan da aka riga aka tsaftace, zinc kuma miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata shida, rabin haka ga wanda bai kai ba. Wanda gudawarsa ta zama fara kamar ruwan shinkafa, a ci gaba da ba shi ORS a hanya, a kai shi asibiti a ranar.