Ƙaramin injin CNC da na biya a watan Janairu: aikinsa ya yi, lokacin sayensa ne ya cuce ni

Wata biyar ke nan da injin nan ya shigo shagona a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma da wuya mako ya wuce wani ɗan sana'a bai leƙo ya tambaye ni ko shi ma ya saya ba. Na gaji da maimaita labari ɗaya, shi ya sa na rubuta. Injin dai na yanka da sassaƙa ne wanda kwamfuta ke sarrafawa, irin ɗan ƙaramin nan ne da kuka sani a hotunan 'yan Cana, mai tebur santimita 60 a 90, kansa mai ƙarfin kilowat 2.2 da ake sanyayawa da ruwa. Wajen wani mai sayarwa a Cana na saya.

Sana'armu ta gado ce. Hatimi, allon suna na tagulla, lambar girmamawa, da 'yan ƙananan kayan gyaran keken ɗinki da injin niƙa waɗanda masu injin tur, wato injin da ke juya ƙarfe yana fere shi, ba sa iya fitarwa. Kawuna da ya koya mini aiki da kurfi da magagari yake yin komai, har yau hannunsa bai karkace ba.

Tun watan Oktoban 2024 nake ciniki da mai sayarwa. Rangwamen da masu sayarwar Cana ke yi duk 11 ga Nuwamba ya zo, na ƙi biya, wai ina jiran ya ƙara saukowa. Bai sauko ba. A tsakiyar Janairun 2025 ya turo saƙo cewa akwai ragi na ƙarshen shekararsu, in na biya cikin mako zai haɗa mini da akwatin bakin yanka guda goma da maɓallan da ke nuna wa inji iyakarsa. Na biya. A wancan makon dala tana wajen sefa 640. Sefarmu a ɗaure take da yuro a kan 655,957 ga kowane yuro dubu, saboda haka duk ranar da yuro ya yi rauni a gaban dala, mu ne muke ji a aljihu. Kafin injin ya iso hannuna dala ta dawo ƙasa da 600, zuwa Yuli tana wajen 560. Ragin da na yi ta murna a kansa bai kai rabin abin da canji ya ci mini ba. Wannan ban ɗora wa kowa ba, babu wanda ya san gobe.

Abin da na ɗora masa shi ne shirun da ya yi game da hutun sabuwar shekararsu. Ta faɗo ranar 29 ga Janairu, masana'antu suka rufe, ma'aikata suka tafi garuruwansu. Ya san haka lokacin da yake karɓar kuɗina, bai ce uffan ba. Sati uku ina aika saƙo kamar mai jefa dutse a rijiya. Sai farkon Maris aka ɗora akwatin a jirgin ruwa, ya sauka Duwala a ƙarshen Afrilu, ya yi kwanakinsa a hannun 'yan duwan, wato kwastan, aka biya haraji har da na kashi 19.25 cikin ɗari, sannan jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, mota ta gangaro da shi Garwa. Ranar 12 ga Mayu muka buɗe akwatin.

Kwana biyun farko, wallahi na manta duk ɓacin ran. Na ɗaura guntun alminiyam na sa shi ya yanka da'ira, na auna, babu abin da ido zai kama. Haruffan da ke cin Kawu wuni guda ya fitar da su kafin a kira la'asar, kowane harafi kamar tagwayen ɗan'uwansa. Kawu ya daɗe yana shafa wurin da ɗan yatsa, ya ce, “Ɗana, wannan ba ya gajiya ko?” Na ce masa ba ya gajiya, Kawu. A cikin akwatin kuwa bakin yanka uku na tarar maimakon goma, biyu na katako, ɗaya tak na ƙarfe. Maɓallan iyaka babu ko ɗaya. Na ce ba komai, zan bi shi daga baya, domin aiki na jirana.

Aikin kuwa na bikin ƙasa ne na 20 ga Mayu. Wata ƙungiya ta ba ni allunan tagulla goma sha biyu da za ta miƙa wa dattawanta bayan fareti. Tun Fabrairu na karɓi aikin da kuɗin kafin alƙalami, bisa lissafin cewa injin zai iso a Maris. Tagullar ma a ƙirge take, falle goma sha biyu cif, daga Kano ta biyo ta Yola.

Duk wanda ya san Garwa ya san Mayu kafin ruwa ya zauna. Zafi yana haura digiri 40, shagon kwano kuwa ya fi haka. Ruwan bokitin da ke zagaya kan injin, kafin azahar ya yi ɗumin da ba ka son barin hannu a ciki, kan injin ya ɗau zafi, dole in tsaya. Sai na mayar da aikin dare. Amma wannan lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo yake ƙasa, bayan wata da watanni babu ruwan sama a kogin Binuwai, kuma mafi yawan wutar arewacin Kamaru daga can take zuwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar suna tallafawa da rana. Da rana zafi ya hana, da dare wuta ba tabbas. Cikin wannan tsaka mai wuya injina ya fara rayuwarsa.

Allo bakwai sun fita lafiya cikin dare uku. Daren 17 ga wata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muna kan na takwas, injin yana tsakiyar sunan wani dattijo, sai na ga ƙwan fitila ya yi ja. Wutar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, ƙasa ta yi. Akwatin da ke ba kan injin wuta ya ga ƙarfinta ya ragu, ya kashe kansa don kare kansa, bakin yanka ya daina juyawa. Su kuwa motocin da ke tura tebur gaba da baya ba su san abin da ake ciki ba, suka ci gaba da tafiya. Bakin da ba ya juyawa aka ja shi cikin tagulla. Na ji ƙas, kafin in kai hannu kan jan maɓalli ya karye, ya bar wani dogon tabo tun daga tsakiyar suna har gefen allo. Sannan wutar ta tafi ɗungurungum.

Yarona ya kunna fitilar waya, muka tsaya muna kallon allon babu mai magana. Bakin ƙarfe ɗaya nake da shi a duniya, ga shi gida biyu. Na zaga Garwa washegari, na buga waya Marwa da Ngaundere, babu mai irinsa. A Duwala aka samu, amma ba zai iso kafin biki ba. Ko da ina da wani bakin ma, injin ya manta inda yake tsaye, domin maɓallan da zai koma ya taɓa ya gane wurinsa su ne waɗanda ba a sako ba. Duk lokacin da na tuna cewa abin da ya rage a akwatin nan bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, raina sai ya sake ɓaci sabo.

Kawu ne ya fitar da ni kunya. Ya zo da asuba da kurfinsa, ya ce, “Kawo sauran.” Shi da ni muka sassaƙa huɗu da hannu cikin kwana biyu, mutumin da ya haura saba'in yana duƙe har idonsa na ruwa. Na takwas ɗin muka juya bayansa muka goge muka yi aiki a kai, tabon yana ciki ta baya. Na je na gaya wa shugaban ƙungiyar gaskiya tun kafin ya gani. Ya jera allunan a tabarma, ya ce, “Malam, waɗannan biyar ɗin ba su yi kama da bakwai ba.” Na ce haka ne, Alhaji. Ya karɓa, ya rage kuɗi, bai ɗaga murya ba. Har yau bai sake kawo mini aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Daga baya wani matashi da ya yi karatun lantarki a jami'ar Ngaundere ya duba akwatin wutar, ya nuna mini wurin da aka tanada tun daga masana'anta domin in kan injin ya tsaya, komai ya tsaya tare. Waya biyu ce kawai ba a haɗa ba. Cikin minti ashirin ya gama. Waya biyu! Na sayi na'urar daidaita wuta, na sa babban duro a madadin bokiti, na sayo baki dozin daga Duwala. Tun da damina ta zauna, Lagdo ta cika, gari ya yi sanyi, injin nan bai ba ni ciwon kai ba ko sau ɗaya. Tagulla da alminiyam yana cin su kamar tuwo. Baƙin ƙarfe ne ba ya so, yana rawa yana kuka, kada wanda ya ce muku zai yi aikin babban inji.

To, ga masu tambayata: in za ku saya, ku ƙirga daga ranar da zai iso, ba daga ranar ragi ba. Nawa ya ci kusan wata huɗu, wata ɗaya da rabi a ciki zaman banza ne a masana'anta. Da na biya a Nuwamba, da ya same ni cikin hunturu, in koyi halinsa a sanyi, in gano wayoyin nan biyu a kan guntun alminiyam maimakon tagullar mutane. Wanda ya biya a Yuni kuma zai karɓa lokacin da wuta ta fi zama. Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu kada ku tura ko dala ɗaya, haka ma makon farko na Oktoba da suke hutun ƙasarsu. Kuma kada ku karɓi aikin kowa da sunan injin da ke kan teku.

Da na fara rubutun nan niyyata in ba shi tauraro huɗu, domin injin kansa ya cancanta. Amma jiya mai sayarwar ya turo mini saƙo, wai 11 ga Nuwamba ta kusa, akwai ragi na musamman ga tsofaffin abokan ciniki. Na tambaye shi baki bakwai da maɓallan iyaka da na biya tun Janairu. Ya karanta, bai amsa ba. Uku na ba shi.