Man gashi mai farfasasshen furotin: abin da ya yi min da abin da bai yi ba

'Yan uwa mata, ni dai a ganina man nan yana aiki, amma fa ba irin aikin da masu talla suke ta kururutawa ba. Ya rage min karyewar gashi sosai, wannan kam ko a gaban waye zan faɗa, sai dai bai sa gashin ya riƙa tsirowa da sauri ba, bai kuma hana wanda zai zube daga tushe zubewa ba, duk wadda ta saya da niyyar biyun nan to ranta zai ɓaci a banza.

Gashina mai rilaksa ne, ga kuma rini a kai, kin ga kuwa dole ya jigata. Rilaksa mai ƙarfi sinadarin soda ne a cikinta, pH ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin asid ko kanwar abu, yana kaiwa 12 zuwa sama alhali gashi da fatar kai sun fi zama lafiya a wajen 4.5 zuwa 5.5, kuma yadda take miƙar da gashin shi ne ta tsinka wasu daga cikin mahaɗan da suke riƙe keratin ɗin da ke ciki, to keratin ɗin nan kuwa shi ne kusan duka gashin, furotin ne shi ma. Bayan haka ɓawon da ya lulluɓe silin gashi sai ya ɗaɗɗago ya yi ramuka, ruwa ya shiga da wuri ya fita da wuri. Shi ya sa za ki shafa mai da safe kafin azahar kan ya bushe ƙayau kamar ba ki sa komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne in gashin ya jiƙe. Sai ya yi laɓo-laɓo ya yi wani irin laushin da ba na lafiya ba, in na kama sili ɗaya na ja a hankali sai ya yi ta miƙewa ya ƙi komawa, daga nan ya tsinke. Lafiyayyen gashi in yana jiƙe yana ɗan miƙewa ne ya dawo yadda yake. Sannan ki duba matajinki da kyau bayan kin gama taje kai, wallahi a nan ake gane komai. Silin da ya fito dogo da ɗan farin ɗigo a gindinsa wannan zubewa ce, kuma kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma gutsattsarin nan gajeru marasa farin gindi da za ki gani a kafaɗarki da kan tawul, wannan karyewa ce, kuma ita ce matsalata, su ne suka cika min mataji.

Shi furotin yadda yake a asali ƙwayoyinsa manya ne, in an shafa a gashi zama kawai zai yi a sama ruwa ya tafi da shi. To sai a farfasa shi da ruwa da asid ko wasu sinadarai har ya zama ƙanana, manya-manyan cikinsu su manne a bayan silin su cike ramukan, ƙananan sosai kuma, waɗanda nauyinsu bai kai dalton 1,000 ba (dalton ma'aunin nauyin ƙananan ƙwayoyin sinadari ne), suna iya kutsawa ciki. Ana yin sa daga keratin na gashin tumaki, ana yi daga alkama, siliki, shinkafa, waken soya, har da kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin fata da ƙashi. A jikin roba za ki ga an rubuta hydrolyzed a gaban sunan, shi za ki nema. Nawa na keratin ne haɗe da na alkama.

Yadda nake amfani da shi ba wuya. In wanke kai da shamfu, in matse ruwan da tawul, in raba gashin kashi-kashi in shafa daga tsakiya zuwa baki dan nan ne ya fi tsufa ya fi lalacewa, fatar kai ba ruwanta da shi. In sa hular leda in bar shi iya mintunan da aka rubuta a jiki, in ɗauraye sosai. To a nan ne hankalin mutane da yawa yake tashi, dan kina ɗaurayewa za ki ji gashin ya yi tauri ya yi kaushi a hannu, yatsa ma ba ya shiga da daɗi. Kar ki sa mataji a lokacin, dan Allah kar ki sa. Kondishina mai sa laushi za ki bi shi da ita nan take, mai kauri, ki bar ta ta jiƙa shi sosai, in da hali ki yi stimin. Bayan na ɗauraye wannan ɗin ne na ji bambancin da ake faɗa, gashin ya yi nauyi a hannu, ya yi jiki, na ja sili ɗaya ya miƙe kaɗan ya koma abinsa. Gaskiya na ji daɗi har raina.

Da tafiya ta yi tafiya gutsattsarin kan mataji suka ragu ƙwarai, bakin gashin ya daina sirancewa, in na busar da shi yana ɗan sheƙi kuma man da na shafa yana daɗewa bai bushe ba. Har aka fara ce min gashina ya ƙara tsawo, kuma haka ne ya ƙara, amma ba man ne ya tsiro da shi ba. Gashi dama yana tsirowa kusan santimita 1 a wata, da can yana fitowa ta gindi yana karyewa ta baki shi ya sa kullum yake wuri ɗaya, yanzu da bakin ya daina guntulewa sai tsawon ya fara nunawa.

Abin da ya ɓata min rai shi ne rubutun jikin robar, wai yana gyara gashi ya mayar da shi sabo. Ba gaskiya ba ne. Silin da ya riga ya fito daga fatar kai ba shi da rai, ba ya warkewa, abin da furotin ɗin yake yi kamar faci ne a jikin taya, yana riƙewa kuma yana da amfani amma kina wanke kai yana fita a hankali sai kin sake. Bakin da ya riga ya tsage biyu kuma almakashi ne kawai maganinsa, na datse nawa kafin in ga cikakken amfanin man. Warinsa ma bai yi min ba, yana ɗan hawa kai, sai dai yana tafiya bayan kondishina.

Kuma ba kullum ake sa shi ba. Mai ƙarfin irin nawa sati 4 zuwa 6 ake ba shi tsakani, in ya yi yawa gashi sandarewa yake ya bushe ya fara karyewa kamar yadda ake gudu tun farko. Ki duba shamfunki da kondishinarki da man da kike shafawa kullum, sau da yawa duk akwai furotin a cikinsu ba ki sani ba sai ya taru ya yi miki yawa. Wadda gashinta bai taɓa ganin rilaksa ko rini ba kuma ba ta cika sa masa zafi ba, ni ban ga tana buƙatar mai ƙarfin ba, ɗan kaɗan ɗin da ke cikin kondishina ya ishe ta. Wajen saye kuma ki karanta jerin kayan haɗin da ke baya, ana jera su ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, in kin ga furotin ɗin can ƙarshe bayan turare to suna ne kawai.

Akwai kuma wani aikin keratin da ake yi a salun ana bin gashi da ƙarfe mai zafi dan ya miƙe, wannan daban ne, da yawansu suna fitar da fomaldehaid mai sa hawaye da tari kuma yana cikin sinadaran da ke jawo kansa, kar a ruɗe ki da sunan. Sai masu alajin alkama, ku yi hattara da na alkamar, a Japan a 2011 sai da aka janye wani sabulun wanke fuska mai farfasasshen furotin ɗin alkama bayan ya jawo wa mutum sama da 2,000 alaji. Ki fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunne tukuna, in ya yi ƙaiƙayi ko ya yi ja ki haƙura da shi ki nemi na siliki ko na shinkafa.

In kuma naki dogayen nan ne masu farin gindi suke fita da yawa, musamman bayan haihuwa ko in kina fama da ƙarancin jini ko matsalar tayirod, wato ƙwayar nan da ke gaban wuya, to wannan daga cikin jiki ne, likita za ki gani a yi miki gwaji. Ni dai zan sake sayen nawa in ya ƙare, amma zan nemi wanda ba shi da warin nan.